Gashin da Yake Rawa: Dabarar Motsa 'Yartsana da Hannunka-Mai-Sanda na Siyasa a Fim ɗin Isle of Dogs

Tsakure

Maƙalar ta nazarci fim ɗin Isle of Dogs na Wes Anderson, wanda aka fara haskawa a bikin fina-finai na Balin a 2018. Ta nuna cewa siyasar fim ɗin ta fi bayyana a yadda aka sarrafa jikin karnukan fiye da abin da bakinsu yake furtawa.

Gabatarwa da Bitar Ra'ayoyi

Labarin ya faru ne a Megasaki, wani ƙagaggen birni a Japan. Magajin gari Kobayashi ya kori duk karnukan birnin zuwa tsibirin juji da hujjar murar karnuka, sai maraya Atari, ɗan shekara 12 da Kobayashi yake riƙo, ya bi su neman karensa Spots. Masu sharhi sun gano hannunka-mai-sandan tun da wuri: annoba da aka ƙirƙira, ɗan adawa Farfesa Watanabe da aka kashe da guba bayan ya samo magani, da kora mai tuno da tsare Amurkawa 'yan asalin Japan kusan 120,000 daga 1942. Wannan ba abin gardama ba ne.

Gardamar tana wajen harshe. Justin Chang na jaridar Los Angeles Times ya soki yadda karnuka ke Ingilishi alhali Japanawa suna magana ba a rubuta fassararta a allo ba, yana ganin an mayar da su baƙi a garinsu. Sukar tana da ƙarfi, amma ta ɗauki kunne kaɗai a matsayin ƙofar shiga fim. An zaɓi mai kallo ya zauna a mazaunin kare: yana jin amon fushi da na umarni, bai san kalmomin hukuncin da aka yanke masa ba sai tafinta ta ga dama. Haka wanda aka kora yake jin dokar da ta kore shi. Chang kuma bai tsaya a kan abin da ido yake gani ba, nan kuwa gizo ke saƙa.

Hanyar Bincike

An kalli fim ɗin hoto bayan hoto, aka kwatanta fitowar karnuka kai tsaye da fitowarsu ta allon talabijin ko na'urar sa ido.

Sakamako

An ɗauki fim ɗin a ɗakin 3 Mills da ke gabashin Landan, ta dabarar gusa 'yartsana kaɗan, a ɗauki hoto, a sake gusawa. Gashin karnukan na ulu ne, don haka duk taɓawar da mai motsawa ya yi tana kwantar da wasu silloli ta tayar da wasu. Idan aka jera hotunan sai gashin ya riƙa rawa kamar iska na kaɗa shi, ko da karen yana tsaye cik. Tun King Kong na 1933 ake ganin wannan, wasu ma na ɗaukarsa aibu. Anderson ya riƙe shi da gangan tun Fantastic Mr. Fox na 2009. A nan aibun ya zama hujja. Kowace daƙiƙa ta rayuwar karnuka irin su Chief ko Rex tana ɗauke da sawun yatsun mutum, wato jikin da gwamnatin Megasaki ta kira ƙazanta shi ne jikin da aka fi shafawa a duk fim ɗin. Da zarar karnukan sun bayyana a allon hukuma kuwa, sai 'yartsanar ta ɓace, zanen hannu shimfiɗaɗɗe ya maye gurbinta, ba gashi, ba inuwa, ba kauri. Mutanen birni ba su san tsibirin ba sai ta wannan zane. Kafin a jefar da halitta a juji sai an fara baje ta ta zama siffa kawai, kuma fim ɗin ya nuna hakan ta sauya kayan aikinsa ba tare da wani ya yi jawabi ba. Karnukan ƙarfe da aka shirya su gaje su sun cike hujjar: jikinsu sumul, ba abin da ke rawa.

Za a iya cewa zanen allon dabarar sauƙaƙa aiki ce, ko ado irin na Anderson. Ko da haka ne, ba karnuka kaɗai ba, duk wanda ya shiga allon nan bajewa yake yi, har Atari. Ƙa'idar da aka bi ba fashi kuwa tana haifar da ma'ana ko da niyyar farko ta bambanta.

Iyakar Bincike

Dole a amince cewa Tracy Walker, ɗalibar Amurka da ta jagoranci tona asirin Kobayashi, ta ba masu suka gaskiya, domin an miƙa wa baƙuwa aikin da ɗaliban Megasaki za su iya. Nazarin kuma ya taƙaita ga fim guda, bai auna yadda masu kallo a Japan, waɗanda suke jin kowace kalmar Kobayashi, suka karɓe shi ba.