Jirgin Mendi da Kyaftin ɗin da Ya Ƙi Sauke Kwalekwale

Duk ranar 21 ga Fabrairu, Afirka ta Kudu na bikin Ranar Sojoji, kuma ba don wani yaƙi da aka ci aka zaɓi ranar ba. Jirgin ruwan Mendi ne ya nutse a ranar.

Mendi jirgin kamfanin Elder Dempster ne, an ƙera shi a Glasgow a 1905, yana jigila tsakanin Liverpool da tashoshin Afirka ta Yamma. Da Yaƙin Duniya na Farko ya yi tsanani, gwamnatin Birtaniya ta ɗauki hayarsa don safarar sojoji. A Janairun 1917 ya taso daga Cape Town da leburori baƙaƙen fata fiye da 800, ya yada zango a Legas, ya nufi Faransa. Ba a ba su bindiga ba. Aikinsu sauke kaya da sare itace.

Da asubar 21 ga Fabrairu, cikin hazo mai kauri kusa da tsibirin Wight, jirgin Darro, wanda ya ninka Mendi girma fiye da sau biyu, ya zo a guje ya farka masa gefe. Kafin rabin awa Mendi ya nutse. Mutum 646 suka halaka, akasari sanyin ruwa ne ya kashe su.

A nan gardamar take. Darro bai nutse ba, ya tsaya a wurin na sa'o'i, amma kyaftin ɗinsa, Henry Stump, bai sauke kwalekwale ko ɗaya ba. Jirgin rakiya Brisk ne ya tsamo mutane. Masu kare Stump suna cewa ya ruɗe, ga duhu, ga tsoron jiragen Jamus na ƙarƙashin ruwa. Ni dai wannan uzuri bai gamsar da ni ba: mai tsoron hari gudu yake yi, ba ya tsayawa wuri ɗaya. Kotun bincike ta same shi da laifi, amma hukuncin shi ne dakatar da lasisinsa na shekara ɗaya kacal.

Akwai kuma labarin Rabaran Isaac Dyobha, ɗaya daga cikin mutanen da ke cikin Mendi, da aka ce ya tara mutanen suka yi rawar mutuwa kafin jirgin ya nutse. Labarin baka ne da ya bazu daga baya, kuma jirgin da ya karkata cikin duhu ba filin rawa ba ne.

Leburorin da suka tsira ba a ba su lambar yabo ba. Sai a 2018 Firayim Ministar Birtaniya ta lokacin, Theresa May, ta miƙa wa Shugaban Afirka ta Kudu, Cyril Ramaphosa, ƙararrawar jirgin.