Kajin Marans da kiwon gida a Bodinga da Shagari

Marans wani nau'in kaji ne daga ƙasar Faransa wanda ya yi suna saboda launin ƙwansa. Ɓawon ƙwan jaja-jaja ne mai duhu, wani lokacin har ya yi kama da cakulan.

Wannan launi ne ya sa masu sha'awar kiwo a Turai da Amurka ke biyan kuɗi mai yawa don samun irin, kuma shi ne ke jan idon duk wanda ya ci karo da hoton ƙwan a intanet.

Sai dai ga mai kiwon kaji a tsakar gida a ƙananan hukumomin Bodinga da Shagari na jihar Sakkwato, akwai tambayar da ta riga launin ƙwai muhimmanci, wato ko kazar za ta kai ga damina da ranta.

Asalinta

Kazar ta samo sunanta ne daga garin Marans, wata ƙaramar tashar jiragen ruwa kusa da birnin La Rochelle a yammacin Faransa. Yanki ne na fadamu da danshi, mai sanyin iskar teku.

A can ne kajin yankin suka gauraya da zakarun faɗa da matuƙan jiragen ruwa ke saukewa, daga bisani kuma aka haɗa su da irin Langshan mai asali daga ƙasar Sin.

An kafa ƙungiyar masu kiwonta a Faransa a shekara ta 1929, sannan aka tsayar da siffofin da ake gane ta da su a 1931.

Zakaran Marans yana kai kilo 3.5 zuwa 4, kazar kuma kilo 2.5 zuwa 3. Irin na Faransa yana da ɗan gashi a ƙafa, na Ingila kuwa ƙafarsa a share take. Wadda aka fi sani ita ce baƙa mai jan wuya kamar tagulla.

Idan ta sami abinci da kulawa, kazar kan yi ƙwai 150 zuwa 200 a shekara.

Yadda launin yake samuwa

Launin dai kamar fenti ne da jikin kazar ke shafa wa ɓawon a sa'o'i na ƙarshe kafin ta saka ƙwan. Shi ya sa idan aka goge ƙwan da ruwa da ƙarfi launin kan dushe, kuma cikin ɓawon fari ne.

Ƙwan farko-farko ya fi duhu. Yayin da kazar ke ci gaba da sakawa launin yana raguwa, ba ya komawa yadda yake sai ta huta ta sake gashi.

Masu kiwonta a Faransa suna da ma'aunin launi daga 1 zuwa 9, kuma ba sa amincewa da kazar da ƙwanta bai kai mataki na 4 ba.

Launin ɓawo ba ya ƙara wa ƙwai sinadaran gina jiki. Abin da kazar ta ci shi ne ke sauya kwanduwa da ɗanɗano. Don haka wanda ya sayi irin da tsada yana sa ran mai shayi zai biya ƙari a kan kowane ƙwai, to bai yi lissafi da kasuwar da yake ciki ba.

Kiwon da aka gada

Bodinga da Shagari suna kudu da birnin Sakkwato, a kan hanyar da ta bi ta Tambuwal zuwa Jega. A ƙasar Bodinga ne garin Sifawa yake, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, yayin da Shagari ita ce mahaifar Alhaji Shehu Shagari, shugaban Nijeriya daga 1979 zuwa 1983.

A ƙauyukan wannan yanki, kamar sauran ƙasar Hausa, kaji galibi dukiyar mata ce da yara. Kaza ce ake kamawa a kai kasuwa idan ana neman kuɗin magani ko na cefane, ita ake yanka wa baƙo, ita ce kuma ke fitar da uwar gida kunya ranar suna ko salla.

Kazar Hausa ba ta yin ƙwai da yawa, kimanin 40 zuwa 60 a shekara. Amma tana nema wa kanta abinci a bola da gindin rumbu, ta yi kwanci, ta ƙyanƙyashe, ta kuma kare 'yan tsakinta daga shirwa. Ita ce ma ake sa wa ƙwan zabi da damina ta ƙyanƙyashe.

Duk baƙuwar kazar da za a shigo da ita, da wannan ce za a gwada ta.

Zafi

Daga watan Maris zuwa Mayu zafin rana a jihar Sakkwato yakan haura digiri 40 a ma'aunin Selsiyos. Kaji kuwa sun fi jin daɗi tsakanin digiri 18 zuwa 24.

Kaza ba ta gumi. Idan zafi ya dame ta sai ta buɗe baki tana haki, ta saki fukafukai, ta rage cin abinci. Yawan hakin yana sauya yanayin jininta ta yadda ɓawon ƙwai ke fita ba kauri, ƙwan kuma ya ragu ko ya tsaya.

Mai jiki da yawan gashi irin Marans ta fi ƙaramar kazar gida shan wahala a wannan lokaci. Akasinta ita ce kazar nan ta gida mai wuya babu gashi, wadda wasu ke raina wa kyau, alhali ƙarancin gashin nata ne ke taimaka mata wajen fitar da zafi.

Wanda ya ƙudura kiwon Marans sai ya tanadi inuwa mai kauri, akurkin da iska ke ratsawa ba na kwano zalla ba, da ruwan sanyi na randa a kowane lokaci. Abinci kuma da asuba da yamma, ba tsakar rana ba.

Gero da dusa kaɗai ba za su riƙe kazar da ake son ta yi ƙwai 150 ba. Tana buƙatar ƙarin tunkuza ko waken suya ko gara, da garin ƙashi domin ɓawo.

Cututtuka

Babbar mai share akurki a ƙauyukan arewa ita ce cutar Newcastle, wadda wasu ke kira fakat. Ta fi yaɗuwa da hunturu, kuma takan kashe mafi yawan kajin da ba a yi wa riga-kafi ba cikin 'yan kwanaki.

Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana yin maganin riga-kafinta, ciki har da nau'in I-2 wanda ya fi sauran jure zafi, ana kuma ɗiga shi a idon kaza. Ana maimaita shi duk bayan wata uku zuwa huɗu.

Akwai kuma murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da ɓullarta a Afirka a watan Fabrairun 2006, a wata gonar kaji da ke jihar Kaduna.

Likitocin dabbobi na ba da shawarar a ware duk sabuwar kaza na aƙalla mako biyu kafin a haɗa ta da na gida. A birnin Sakkwato, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da tsangayar koyar da likitancin dabbobi.

Samun iri da riƙe shi

Tsuntsaye masu rai suna cikin kayan da hukumar kwastam ta Nijeriya ta hana shigowa da su, amma an keɓe ƙwan ƙyanƙyasa daga haramcin da ke kan ƙwai.

Shi kuma ƙwan ƙyanƙyasa ƙarfinsa yana raguwa bayan kimanin mako guda da sakawa, kuma zafin hanya yana lalata shi. Ƙyanƙyasa kwana 21 ce. Duhun ɓawon Marans yana hana a haska shi da tocila a gane mai ɗa da maras ɗa, don haka ƙwai marasa amfani kan daɗe a ƙarƙashin kaza.

Mafi wuya shi ne riƙe irin. Launin gado ne daga uwa da uba. A gidan da kaji ke yawo, zakaran maƙwabta zai hau kazar, 'ya'yanta su yi ƙwai mai hasken launi, jikokinta kuma da wuya a bambanta nasu da na kowace kaza.

Masu kiwon irin suna killace zakara ɗaya da kaji takwas zuwa goma, su zaɓi ƙwai mafi duhu don kwanci, su kuma sauya zakara daga wani gida don gudun raunin da haɗa jini ɗaya ke kawowa.

Wasu irin da aka gwada

Ga wanda ƙarin ƙwai da nama yake nema, akwai irin da aka samar a cikin Nijeriya. Cibiyar binciken kiwon dabbobi ta Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta fitar da Shika Brown mai jan ƙwai. Jami'ar aikin gona ta Abeokuta ta fitar da FUNAAB Alpha, yayin da kamfanin Amo ya fito da Noiler.

Daga 2015 zuwa 2019, wani shiri ƙarƙashin cibiyar binciken dabbobi ta duniya, ILRI, ya gwada waɗannan ukun tare da Kuroiler da Sasso da kazar Fulani a gidajen ƙananan manoma a jihohi biyar na Nijeriya. Ɗaya daga cikin jihohin ita ce Kebbi, maƙwabciyar Sakkwato. Marans ba ta cikin kajin da aka gwada.