Matan da Suka Hau Gadon Sarautar Japan

Gidan sarautar Japan shi ne ake ɗauka mafi daɗewa a duniya cikin waɗanda ba su yanke ba. Bisa ƙidayar Japanawa, Naruhito da ya hau gado a 2019 shi ne sarki na 126, ko da yake na farko-farkon jerin sun fi kama da tatsuniya. Abin da ba kasafai ake faɗa ba shi ne mata takwas sun taɓa zama a kan wannan gado, biyu daga cikinsu ma har sau bibbiyu.

Ta farko da tarihi ya tabbatar ita ce Suiko. A shekarar 592 aka kashe Sarki Sushun bisa umarnin Soga no Umako, babban mai faɗa a ji a fada, sai aka rasa namijin da kowa zai yarda da shi. Aka ɗora Suiko, 'yar sarki kuma matar wani sarki da ya rasu, don a kwantar da ƙura. Sai ga shi ta yi shekara 35 tana mulki, kuma a zamaninta addinin Buda ya kafu sosai, aka riƙa tura jakadu ƙasar Sin.

Daga nan abin ya zama kamar al'ada: idan magaji yaro ne, ko manya sun kasa daidaitawa, sai a ba wata gimbiya riƙon ƙwarya. To amma kada a ji riƙon ƙwarya a zaci 'yan amshin Shata ne. Jito, wadda mijinta ya rasu a 686, ɗanta kuma ya bi shi a 689, ta riƙe ƙasar da ƙarfi har jikanta ya tasa, ta sauka ta ba shi a 697. Genmei ce ta mayar da babban birni Nara a 710, sannan a 715 ta miƙa wa 'yarta Gensho.

Wadda ta fi jan hankalina ita ce Koken. Ta hau a 749, ta yi murabus a 758, daga baya ta kwanta rashin lafiya, wani malamin addinin Buda mai suna Dokyo ya yi jinyarta ta warke. Tun daga nan ya sami fada. Manyan ƙasa ba su ji daɗi ba, Fujiwara no Nakamaro ya yi tawaye a 764, ta murƙushe shi, ta tuɓe sarkin da ke kai, ta koma gado da sunan Shotoku. A 769 aka kawo labari wai abin bautar da ke Usa ya ce a naɗa Dokyo sarki, ƙasa za ta zauna lafiya. Ta aiki Wake no Kiyomaro ya je ya tabbatar, ya komo da akasin haka: ba mai hawa sai jinin gidan. Ta fusata ta kore shi daga birni. Da ta rasu a 770, Dokyo ne aka kora. Sai da aka yi shekara 859 kafin wata mace ta sake hawa.

Sau da yawa ana ɗora laifin wannan dogon jira a kan Shotoku. Ni dai ina ganin an yi mata rashin adalci, domin sarakuna maza nawa ne fadawa suka juya su, ba wanda ya ce a daina naɗa maza?

Biyun ƙarshe, Meisho da aka naɗa tana 'yar shekara 5 a 1629, da Go-Sakuramachi a 1762, sun zo lokacin da iko ya koma hannun shugabannin soja na gidan Tokugawa, sarauta sai suna.

Abu ɗaya ya haɗa su takwas ɗin: kowacce jinin sarauta ce ta wajen uba, kuma ba wadda ta gadar da gadon ga ɗan da ta haifa wa bare. Da wannan hujja masu ra'ayin riƙau suka kare dokar 1889 da ta hana mata sarauta, wadda dokar 1947 ta maimaita. Gimbiya kuwa idan ta auri talaka ta fita daga gidan ke nan, kamar yadda Mako ta yi a 2021.

Gidan ya yi shekara 41 ba a haifi namiji ba, daga 1965. Naruhito 'ya ɗaya gare shi, Aiko, da aka haifa a 2001. A 2005 kwamitin da Firayim Minista Koizumi ya kafa ya ba da shawara a bar ɗan fari ya gada, mace ko namiji. Ana shirin kai batun majalisa sai aka ji matar ƙanen Naruhito na da juna biyu. A watan Satumba na 2006 ta haifi namiji, Hisahito, aka mayar da takardun cikin durowa.