Lennie a Gaban Kotun Texas

A shekarar 1937 marubucin Amurka John Steinbeck ya fitar da ɗan ƙaramin littafinsa Of Mice and Men, labarin wasu leburori biyu masu yawon neman aikin gona a Kalifoniya. George ɗan tsurut ne mai wayo. Lennie kuwa ƙato ne, ga ƙarfi kamar sa, amma tunaninsa na ƙaramin yaro, abin da ya fi so a duniya shi ne ya shafa abu mai laushi. Wannan son ne ya kai shi ga halaka. Yana shafa gashin matar ɗan mai gonar, ta tsorata ta yi kururuwa, shi ma ya tsorata ya toshe mata baki, ya jijjiga ta har wuyanta ya karye.

Abin lura shi ne Lennie ya san ya yi ɓarna. Ya gudu ya ɓuya a inda George ya taɓa ce masa ya ɓuya in wani abu ya faru. Sai dai nauyin ɓarnar a wurinsa bai wuce George zai yi fushi ya hana shi kiwon zomaye ba. Ya san laifi, bai san girmansa ba. Mutuwar matar da ta ɗan kwikwiyon da ya kashe kafin nan kusan ɗaya suke a idonsa.

Masana falsafa sun daɗe suna tuntuɓe a kan wannan tsaka-tsakin. John Locke na Ingila, a littafinsa na 1690 kan fahimtar ɗan Adam, ya ajiye irin waɗannan mutane a wani matsayi tsakanin mutum da dabba, domin a ganinsa iya tunani mai zurfi ne ke sa mutum ya zama mutum. Malaman fiƙihu, musamman Hanafiyya, sun fi shi natsuwa: sun raba mahaukaci da ma'atuhi, wato mai ƙarancin hankali, suka ba shi hukuncin yaro mai wayo. A farkon ƙarni na 20 ra'ayi irin na Locke ya sanya rigar kimiyya. Henry Goddard, a littafinsa na 1912 kan iyalin Kallikak, ya ce raunin ƙwaƙwalwa gado ne kuma shi ne tushen sata da karuwanci. A 1927 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Carrie Buck, ta halatta yi wa irinsu aikin hana haihuwa ba da yardarsu ba, kuma fiye da mutum 60,000 aka yi wa a ƙasar. Daga baya bincike ya nuna Carrie ba ta da wani raunin ƙwaƙwalwa. Talaka ce da aka yi wa fyaɗe.

Sai a 2002, a shari'ar Daryl Atkins na jihar Virginia, Kotun Ƙolin ta hana zartar da hukuncin kisa a kan mai raunin ƙwaƙwalwa. Hujjarta ta yi kama da abin da Steinbeck ya gani: irin waɗannan mutane sukan bambance daidai da kuskure, amma suna da rauni wajen auna sakamako, da koyo daga kuskure, da kame kai. A hukunta su, amma ban da kisa. Kotun ta bar wa kowace jiha ta tantance wane ne mai raunin.

Nan ne Lennie ya shiga kotu. A 2004 babbar kotun ɗaukaka ƙarar manyan laifuka ta Texas, a shari'ar Jose Briseno, ta ce yawancin mutanen jihar za su iya yarda a yafe wa Lennie kisa, amma ba lallai su yarda a yafe wa duk wanda likita ya ce yana da rauni ba. Sai ta jero tambayoyi bakwai. Shin mutumin yana iya tsara abu ya aiwatar? Yana iya yin ƙarya ta karɓu? Shi ke jan wasu, ko jan sa ake yi? Danginsa sun ɗauke shi dolo tun yana yaro? A zahiri, duk wanda ya fi Lennie wayo ko da kaɗan ya shiga uku.

A ganina alƙalan ba su karanta littafin da kyau ba, domin Lennie kansa yakan yi ƙarya, yakan ɓoye mushen ɓera a aljihu, kuma ya iya tuna maɓoyarsa. Da an ɗora shi a kan ma'aunin da aka yi da sunansa, ba mamaki ya faɗi.

A watan Agustan 2012 Texas ta kashe Marvin Wilson, wanda wani gwajin basira ya ba shi maki 61, alhali 70 ake ɗauka a matsayin iyaka. Ɗan marubucin, Thomas Steinbeck, ya fito fili ya yi tir da yadda aka mai da littafin mahaifinsa mizanin wanda zai rayu da wanda zai mutu.

Ma'aunin ya ci gaba da aiki har 2017, lokacin da shari'ar Bobby Moore ta isa Kotun Ƙoli. Moore ya harbe wani ma'aikacin kanti a Houston yayin fashi a 1980. Yana ɗan shekara 13 bai gama sanin ranakun mako da watannin shekara ba, amma kotun Texas ta lissafa masa cewa ya iya rayuwa a kan titi, yana yankan ciyawa a biya shi. Kotun Ƙoli ta yi watsi da tambayoyin Briseno, ta ce a bi ma'aunin likitoci. Texas ta sake nacewa a kan Moore, aka sake soke hukuncinta a 2019. An sallame shi daga kurkuku a 2020, bayan shekara 40 a tsare.