Dutsen Kufena da Ganuwarsa

Dutsen Kufena yana yamma da birnin Zariya, daura da Wusasa. Tarihin Zazzau ya nuna cewa a zamanin Bakwa Turunku, wajen 1536, aka taso da cibiyar mulki daga Turunku zuwa wannan yanki, inda dutse da ganuwa suka zama garkuwa. Wurin ya ci gaba da zama a hannun sarakunan Hausa har jihadin da aka fara a 1804, wanda ya kai Malam Musa Bamalli ga sarautar Zazzau. A yau dutsen yana ƙarƙashin kulawar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Muna kira ga jama'ar ƙasar Zazzau, har da Ikara, Makarfi da Kudan, da su kare ragowar ganuwar, domin abin da ya rushe ba ya dawowa.