Matasa biyu da suka fasa ɗaukar fansa

1/ Duk wanda na ce wa ni ɗan Zango ne a makaranta, sai ya ce "Zangon Kataf?" Sai na ce a'a, Zangon Daura, jihar Katsina. Yawan tambayar ne ya sa na je na karanta tarihin wancan Zangon. Abin da na gano ya hana ni barci. Ku biyo ni.

2/ A 1992 rikici ya ɓarke a Zangon Kataf, kudancin Kaduna, tsakanin Hausawa da Atyap. Batun sauya wa kasuwa wuri ne ya kunna wutar a watan Fabrairu. A watan Mayu abin ya dawo da ƙarfi, ya bazu har cikin garin Kaduna. An yi asarar rayuka masu yawa.

3/ A cikin masu faɗan akwai matasa biyu da ba su san juna ba. James Wuye yana jagorantar matasan Kirista, Muhammad Ashafa yana ɓangaren matasan Musulmi. Wuye ya rasa hannunsa na dama. Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan uwansa biyu.

4/ Ka ɗauka kai ne. An sare maka hannu, ko an kashe malamin da ya tarbiyyantar da kai. Me za ka yi? Su dai kowanne fansa ya ƙudurta.

5/ A 1995 wani ɗan jarida da ya san su duka ya haɗa su a wajen wani taro a Kaduna. Suka gaisa, amma zuciya ba ta gaisa ba. Ashafa ne ya fara sauyawa, bayan ya ji huɗubar Juma'a kan yadda Manzon Allah (SAW) ya ƙi yarda a hallaka mutanen Ɗa'ifa duk da jifar da suka yi masa.

6/ Wuye kam ya daɗe. Shi da kansa ya bayyana cewa ya yi shekaru suna aiki tare alhali yana tunanin kashe Ashafa. Sai wani fasto ya tunatar da shi cewa ba a yi wa Almasihu wa'azi da ƙiyayya a zuciya. Nan ya tuba. A koyarwarsu, mai neman gafarar Ubangiji dole ya yafe wa wanda ya cuce shi.

7/ Tare suka kafa cibiyar sasanci ta mabiya addinai a Kaduna. Suna cikin waɗanda suka tsara yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a 2002, kuma sun shiga tsakani a Yelwan Shendam, jihar Filato, bayan kashe-kashen 2004.

8/ Wannan ya tuna min da Amish, wasu Kiristocin Amurka masu gudun ƙyale-ƙyalen zamani. Ba sa yi wa jariri baftisma. Daga shekara 16 ake sassauta wa matashi, ya ga duniya, sannan ya zaɓa: ya shiga cocin ko ya tafi. Mafi yawansu suna dawowa.

9/ Ranar 2 ga Oktoba 2006 wani mutum ya shiga makarantarsu a Nickel Mines, jihar Pensilbaniya, ya harbe 'yan mata biyar har lahira, ya kashe kansa. Mutanen Amish suka je yi wa iyalinsa ta'aziyya, wasu ma suka halarci jana'izarsa.

10/ A fahimce ni fa: yafiya ba ta soke hukunci. Haƙƙin gwamnati ne ta kama mai laifi. Abin da yafiya take hanawa shi ne ka huce a kan wanda bai ji ba bai gani ba, don kawai addininsu ɗaya da mai laifin.

11/ Ni ma ba fin ƙarfina abin ya yi ba. Akwai abokin karatuna Kirista da muka yi wata uku ba ma magana saboda zagin da muka yi wa juna a nan. Jiya na tura masa saƙo. Bai amsa ba tukuna.

12/ Wuye da Ashafa matasa ne kamar mu lokacin da suka ɗauki makami. Mu waya ce a hannunmu. Kafin ka tura wancan bidiyon da ba ka san asalinsa ba, tuna cewa wani zai iya rasa hannu a kansa. Allah Ya ba mu zaman lafiya.