Kiran da ya ƙetare teku: Dell, Bangalore da kuɗin sauraron mai ƙorafi

A watan Nuwamban 2003 kamfanin Dell ya tabbatar wa 'yan jarida cewa ya daina tura wasu daga cikin kiraye-kirayen abokan cinikinsa na Amurka zuwa cibiyarsa ta birnin Bangalore a Indiya. Daga lokacin, in ji kamfanin, duk ma'aikatar da ta sayi kwamfutar tebur samfurin OptiPlex ko ta tafi-da-gidanka samfurin Latitude, idan ta buga waya neman gyara, za a amsa mata daga Texas ko Idaho ko Tennessee. Dalilin da aka bayar shi ne masu sayen ba su gamsu da taimakon da suke samu ba. Jaridun Amurka suka ɗauki labarin da murna, kamar an ce ayyukan da suka yi hijira sun fara komowa gida.

Sai dai akwai abin da murnar ta rufe. Waɗanda aka dawo wa da wayarsu gida manyan masu saye ne: bankuna, jami'o'i, hukumomin gwamnati, waɗanda a lokacin suke kawo wa Dell kusan kashi 85 cikin ɗari na cinikinsa. Malamin makaranta da ya sayi kwamfuta ɗaya don 'ya'yansa kuwa, kiransa ya ci gaba da sauka a Indiya, kuma kamfanin bai rage ma'aikatansa a can ba, ƙarawa ma ya yi. Abin da ya faru tantancewa ce: wane ne fushinsa ke da tsada, wane ne nasa za a iya haɗiyewa. (Mai karatu da ke aiki a ofis a Kano ko Abuja ya san sunayen nan biyu, Latitude da OptiPlex, su ne ke cika shagunan kwamfuta na hannu bayan ofisoshin Turai da Amurka sun gama da su.)

Kafin a gane nauyin wannan mataki, sai an tuna yadda aka gina Dell. Michael Dell ya fara harkar a 1984 a ɗakin kwanansa na Jami'ar Texas da ke Austin, da jarin dala 1,000, a ƙarƙashin sunan PC's Limited. Dabararsa ita ce tsallake dillali. IBM da Compaq suna ƙera kwamfuta su cika rumbu, su miƙa wa masu shago, su jira mai saye. Shi kuwa sai ka buga waya, ko daga 1996 ka shiga intanet, ka faɗi irin wadda kake so, ka biya, sannan a harhaɗa ta a aiko maka. Babu kayan da ke tsufa a rumbu, babu ladan dillali. Da wannan ya kai ga zama na ɗaya a duniya wajen sayar da kwamfuta a 2001, ya ture Compaq.

Amma tsarin yana da wani sharaɗi da ba a cika faɗa ba. Wanda ya sayi kaya a shago, in sun lalace, ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa da fuskar da zai yi wa tsawa. Wanda ya saya daga Dell ba shi da kowa sai lambar waya. Wayar ita ce shagon, ita ce kanta, ita ce mai gyara. A shekarun 1990 kamfanin ya san haka, kuma ya yi suna da kyakkyawar amsa. Saboda haka duk abin da ya taɓa wayar, to ya taɓa wuri ɗaya tilo da kamfanin ke haɗuwa da mutanensa.

Abin da ya taɓa ta farashi ne. Bayan faɗuwar kasuwar kamfanonin intanet a 2000 da 2001, Dell ya zaɓi ya karya farashi don ya ƙwace kasuwa daga abokan hamayya, ya kuma kutsa cikin gidajen talakawa da kwamfutoci masu araha. A nan lissafi ya canza. Ma'aikata tana da nata injiniyoyin, ba ta kira sai matsala ta fi ƙarfinsu. Mai gida kuwa zai kira don firinta ta ƙi aiki, ko don wata cuta ta shiga na'urar daga intanet, kuma zai daɗe a kan layi. Ribar da ke cikin kwamfuta mai araha ƙanƙanuwa ce, har kira biyu ko uku masu tsawo na iya cinye ta. A idon masu lissafi, sashen amsa waya ya tashi daga abin alfahari ya koma ramin da kuɗi ke zurarewa.

Indiya ta riga ta shirya karɓar irin wannan aiki. Ta buɗe tattalin arzikinta a 1991. British Airways ya kai ayyukan ofis birnin Mumbai a 1996, General Electric ya kafa tasa cibiyar a Gurgaon a 1997. A shekarun haukan intanet an shimfiɗa wayoyin sadarwa a ƙarƙashin teku fiye da buƙata, da kasuwar ta faɗi sai kuɗin kira tsakanin nahiyoyi ya karye, sannan a 2002 gwamnatin Indiya ta kawo ƙarshen kankane kiran ƙasashen waje da kamfaninta VSNL ya yi. Ga kuma dubban matasa masu digiri da ke jin Turanci, waɗanda albashinsu ɗan kaso ne na abin da ake biyan takwaransu a Texas. Dell ya buɗe cibiyar Bangalore a 2001, ta Hyderabad ta biyo baya, sannan ta Mohali a jihar Punjab.

Yana da kyau a tsaya a dubi ɗakin da kiran ke sauka, domin a nan ne mafi yawan labaran wancan zamani suka yi wa mutane rashin adalci. Idan ƙarfe goma na safe ta yi a Texas, an wuce takwas na dare a Bangalore, don haka aikin na dare ne, motar kamfani ta ɗauko ka da magariba ta mayar da kai da asuba. A masana'antar baki ɗaya al'ada ce a koya wa sabon ma'aikaci lanƙwasa harshe irin na Amurkawa, a kuma ba shi aron sunan Bature ya riƙa amsawa da shi. A gabansa akwai rubutattun tambayoyi da dole ya bi ɗaya bayan ɗaya, ko da mai kiran injiniya ne da ya riga ya gwada su duka tun kafin ya ɗaga waya. A saman kansa kuma akwai agogo: ana auna shi da yawan mintocin da ya ɓata a kan kowane kira. Ba shi da ikon cewa a aika sabon kaya sai ya nemi izini. Mutumin da aka ɗaure wa hannu haka, aka kuma ce ladansa yana cikin saurin ajiye waya, hanya mafi sauƙi gare shi ita ce ya tura ka wani sashe.

Haka kuwa aka yi, kuma ba a Indiya kaɗai ba. Dick Hunter, wanda aka damƙa wa gyaran sashen daga baya, ya amince cewa awon mintoci ne ya haifar da wannan jifa da mai kira daga hannu zuwa hannu, har ta kai kashi 45 cikin ɗari na kiraye-kirayen sai an tura su gaba. Bayan an sauya awon zuwa ko an magance matsalar ko ba a magance ba, adadin ya sauko zuwa kashi 18. Lafazin mutanen Bangalore bai canza ba tsakanin adadin farko da na biyu. A ganina wannan kaɗai ya isa ya nuna inda gizo ke saƙar. Ba na musun cewa Ba'amurke a Ohio na iya shan wahalar fahimtar karin harshen da bai saba ji ba, a kan layin da ke yankewa, yana cikin ɓacin rai. Amma lafazi shi ne abin da kunne ke fara kamawa, shi ya sa ya ɗauki laifin tsarin da aka zana a Round Rock, hedikwatar kamfanin.

Siyasa ta ƙara wa wutar mai. A Fabrairun 2004 Gregory Mankiw, babban mai bai wa Shugaba George Bush shawara kan tattalin arziki, ya ce fitar da ayyuka ƙetare wani sabon salon ciniki ne da zai amfani Amurka nan gaba, maganar da ta jawo masa suka har daga jam'iyyarsu. John Kerry, ɗan takarar Dimokurat, ya riƙa kwatanta shugabannin kamfanonin da ke yin haka da Benedict Arnold, janar ɗin da ya ci amanar Amurka a yaƙin neman 'yanci. Lou Dobbs na CNN ya mayar da batun abincinsa na kowane dare. A irin wannan yanayi, muryar ɗan Indiya a waya ta zama alamar aikin da wani ya rasa, kuma ma'aikatan cibiyoyin sun sha zagi daga mutanen da ba su taɓa gani ba.

Akwai kuma wani abu da babu mai amsa waya da zai iya gyarawa. Takardun wata shari'a da aka buɗe a 2010 sun nuna cewa tsakanin Mayun 2003 da Yulin 2005 Dell ya sayar da kwamfutocin OptiPlex aƙalla miliyan 11.8 da ke cikin haɗarin lalacewa, saboda wasu ƙananan sassa masu riƙe wuta, kafasito, da kamfanin Nichicon na Japan ya ƙera, waɗanda kan kumbura su yoyo a kan allon na'urar. A 2005 Dell ya ware kimanin dala miliyan 300 don gyara. Wato samfurin da aka dawo da wayarsa gida a 2003 don a faranta wa manya rai, shi ne a daidai lokacin yake fitowa daga masana'anta da ciwo a ciki.

A watan Yunin 2005 ɗan jarida Jeff Jarvis ya fara rubuta labarin kwamfutarsa a shafinsa na BuzzMachine, da taken da ya kama bakin mutane, Dell Hell, wato jahannamar Dell. Tushen ƙorafinsa shi ne ya biya kuɗin garantin da ya yi alkawarin zuwa gyara har gida, aka ce masa ya aiko da na'urar. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma kamfanin ya yi gum na tsawon lokaci, dubban mutane kuma suka taru suna zuba nasu labarin. A shekarar makin Dell a ma'aunin gamsuwar masu saye na Jami'ar Michigan ya faɗo daga 79 zuwa 74.

Sauran ya zo da sauri. A 2006 kamfanin ya yi alkawarin kashe dala miliyan 100 don gyara sashen da ɗaukar sababbin ma'aikata, ya janye batura miliyan 4.1 ƙirar Sony da ke iya kamawa da wuta, kafin shekarar ta ƙare kuma HP ya ƙwace matsayin na ɗaya a duniya. A Janairun 2007 Kevin Rollins ya sauka daga shugabanci, Michael Dell ya koma kujerarsa. A watan Mayu babban lauyan jihar New York, Andrew Cuomo, ya kai kamfanin kotu kan yaudarar masu saye, ciki har da hana su gyaran da suka biya. Kotu ta same shi da laifi a 2008, ya kuma amince ya biya dala miliyan 4 a 2009.

Matakin da ya fi ba ni mamaki ya zo a 2008. Dell ya fito da wani tsari mai suna Your Tech Team: ka biya dala 12.95 a wata, ko dala 99 a shekara idan sabuwar kwamfuta ka saya, a ba ka tabbacin cewa wanda zai amsa maka yana Arewacin Amurka, kuma matsakaicin lokacin jira ba zai wuce minti biyu ba. Abin da shekaru goma kafin nan yake cikin kuɗin kwamfutar, yanzu an ciro shi an manna masa farashi. Tantancewar 2003 ce aka buɗe wa kowa, in yana da kuɗin shiga.

Ayyukan da aka yi murnar dawowarsu ma ba su zauna ba. Cibiyar Twin Falls ta jihar Idaho, wadda ke ɗaukar mutum kusan 500, an rufe ta a farkon 2010. Indiya ita ma ba ta riƙe kambin ba: a daidai wannan lokaci Filifins, wadda Amurka ta mulka kusan shekara hamsin, kuma Turancinta ya fi kusa da kunnen Ba'amurke, ta wuce ta a yawan masu amsa waya, Dell kuwa ya riga ya buɗe cibiya a yankin Manila tun 2006.